Ƙwaya Goma a Santambul

Daga hantsi har la'asar ina zaune a kan benci guda a filin jirgin Santambul, jakata tsakanin ƙafafuna, ina jiran mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Sunana Tsahiru. Baduku ne ni, ɗan baduku, a bakin kasuwar Dakoro na tashi ina yankan fata ina ɗinka takalma da jakunkuna da hannu. Abin da ya kai ni ƙasar Turkiyya shi ne jakunkunan da 'yan kasuwar Maraɗi ke kawowa suna kashe mana ciniki. Ni kuwa tun ina yaro in na ga abu sai na farke shi na ga cikinsa. Na sayi irin jakar nan har uku na farke, ban gane yadda suke gyara bakin fatar ya yi sumul kamar gilashi ba. Na ce to, bari in je inda ake yi in gani da idona.

Wani Mansur ne ya kamata ya tarbe ni. Ta waya muka saba. Ya ce akwai ɗaki, akwai wurin aiki, in aiko da abin kama wuri kawai. Na aika. Ranar da na sauka wayarsa a kashe take. Da farko ban damu ba, don akwai abin kallo: matakala mai tafiya da kanta, famfon da ke zubo ruwa da ka miƙa hannu. Na yi ta miƙa hannu ina janyewa ina neman inda idonsa yake. Sai da na ga rana ta yi sanyi ta bayan gilashi sannan na gane ba mai zuwa. Wata mata 'yar Mali mai tura kaya ta dube ni ta ce da Faransanci, wa nake jira? Na faɗa mata. Sai ta kama hannuna ta rubuta "Aksaray" da biro a tafina, ta nuna mini kar ɗin da zan shiga, wato motar bas. Ta ce can zan ga baƙar fata.

Zangona na biyu wani lungu ne mai cike da shagunan ɗaure kaya. Ina tafiya ina raba ido, sai na ji murya daga cikin wani shago tana cewa, "Kai, wanga kwali, ka rufu mana!" Na tsaya cak. Wani dattijo ne siriri, da hular sanyi har kunne, ya hau kan kwali da gwiwa yana faɗa da shi. Na yi sallama. Ya amsa ba tare da ya ɗago ba, sannan ya ɗago da sauri.

"Daga ina?"

"Dakoro, Baba."

"Dakoro wace? Ta wajenmu?" Ya sauko daga kan kwalin. "Ni ɗan Birnin Lalle ne. Mi ya kawo ka wanga gari?"

Shi ne Baba Ila. Shekara goma sha bakwai ke nan rabonsa da gida. Ya yi Agadas, ya yi Libiya, ƙarshe ya tsaya nan yana ɗaure wa 'yan kasuwa kaya. Yana da ciwon fuka, kullum da ɗan abin shaƙa shuɗi a aljihun rigarsa. Da na ambaci Mansur sai ya girgiza kai ya ce, "Ba kai ne na hwarko ba. Ɗauko jakarka." Ya kai ni ɗakinsu da ke ƙarƙashin ƙasa, su shida a ciki, taga ɗaya can sama wadda ba ka ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Ni wannan tagar ma makaranta ta zame mini, don takalman garin duka ta nan na fara nazarinsu.

Bayan kwana uku ya kai ni wurin wani Baturke mai ɗinkin jaka, Usta Kamal. Usta a bakinsu shi ne maigidan sana'a. Mutumin bai tambaye ni komai ba, ya miƙo mini guntun fata da wuƙa. Na fere bakinta har ta yi siriri kamar ganyen albasa. Ya ɗaga ta ya duba a fitila, ya nuna mini kujera. A wannan shago na gano abin da ya hana ni barci a Dakoro: ashe fenti ne na musamman ake shafa wa bakin fatar, a bari ya bushe, a goge, a sake shafawa, sannan a bi shi da ƙarfe mai zafi. Ranar da na gani dariya na yi ta yi ni kaɗai, Usta yana kallona kamar wanda ya taɓu.

Haka na yi wata uku. Na koyi shan shayinsu a ɗan kofi mai ƙugu, na saba da kyanwoyin garin masu ƙiba kamar 'yan tumaki, waɗanda ko limami ba ya korarsu daga masallaci. Kewar gida ta fi kama ni ranar Juma'a, ranar kasuwarmu, in na tuna a wannan lokacin Fulani da Buzaye sun cika rumfar mahaifina suna gwada takalma. Da ƙanƙara ta fara zuba na ɗebo ta a hannu na ɗanɗana. Ba ta da ɗanɗanon komai, abin ya ba ni haushi.

Ciwon ya same ni ana tsakar aiki. Murar da na sani a gida a hankali take zuwa, ta fara da hanci, ta ba ka kwana biyu kana shiri. Wannan kuwa kamar an maka mini kulki a baya. Cikin sa'a guda ƙasusuwana duka suka ɗauki ciwo, kaina ya yi nauyi, jikina ya yi zafi ina kuma rawar ɗari. Na ce palu ne, zazzaɓin sauro. Ina kwance ina tambayar kaina, to wane sauro ne ke yawo cikin ƙanƙara? Duk da haka na buɗe ƙullin maganin da na taho da shi daga wajen masu tebur na Dakoro, na sha na palu, na bi shi da kafso ja da rawaya ɗin nan da muke sha wa kowane ciwo, tun daga gudawa har ciwon haƙori. Kwana biyar ina sha, ko gezau.

Baba Ila ne ya yi jinyata. Yana da ɗan garin gero da wata 'yar kasuwa ta kawo masa, yana ɓoyonsa kamar zinariya. Shi ya riƙa dama mini kunu da citta da kanumfari safe da yamma, yana zaune a bakin katifata ina tari a fuskarsa. Ranar Alhamis na iya miƙewa. Ranar ce kuma, bayan azahar, ya dawo daga shago ya kwanta bai cire takalmi ba.

Da gari ya waye numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto a busasshen itace. Ya shaƙi abin nan shuɗi, ya lafa kaɗan, ya dawo. Na ce mu tafi gidan likita. Ya kama hannuna.

"Takarduna sun mutu tun bara waccan, Tsahiru. In na shiga can, daga gado sai jirgin da zai maida ni gida."

Muna cikin haka aka yi sallama. Wani matashi ne mai kyan riga da jakar goyo. Ya ji labarin ciwo ya shiga gidan, ya zo da magani. Ɗaya daga cikin abokan ɗakinmu ya ce, "Mansur, ga baƙonka na Dakoro." Ranar na fara ganin fuskarsa. Ko ido bai ƙifta ba, ya ce ai wayarsa aka sace a wancan makon, za mu yi magana daga baya. Ya fito da wasu fararen ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, babu kwali, babu rubutu.

"Wannan shi ne maganin girip ɗin da Turawa ke sha. Biyu kawai, gobe ya tashi."

"Mene ne sunansa?" na tambaya.

"Sunan za ka sha ko maganin?"

Na so in shaƙe shi, amma abin da ya fi cina a lokacin shi ne in san mene ne a cikin ledar. Na ce ya ba ni ɗaya in gani. Na fita da ita zuwa farmasin da ke bakin lungunmu. Wata mata mai tabarau ce a ciki. Na ajiye ƙwayar a kan teburinta, na yi mata tari, na nuna ƙirji, na kwaikwayi tsoho. Ta juya ƙwayar da bakin biro, ta shinshina, ta jefa ta kwandon shara. Sai ta yi magana cikin wayarta, wayar ta faɗa mini da Faransanci: akwai maganin wannan ciwo na gaskiya, yana nan bayanta a kan kanta, amma ba ta sayar da shi sai da odonansi, takardar da lokotoro, wato likita, ke rubutawa. Na roƙe ta. A Dakoro ko yaro ka aika da kuɗi ana ba shi abin da ya nuna. Ta girgiza kai, ta ƙwanƙwasa agogon hannunta da yatsa sau uku. Wayar ta ce: kada ku ɓata lokaci, yau.

Na ruga wurin Usta don in ce masa ba zan yi aiki ba. Da ɗan Turkancin da na tsinta da nunin hannu ya gane. Ya kashe keken ɗinki, ya ɗauki makullin motarsa ta kaya. Da muka dawo ɗaki Mansur ya ɓace. Baba Ila ya sake cewa ba ya zuwa. Usta ya durƙusa ya faɗa masa wata magana, sai ga tsohon yana dariya har tari ya sarƙe shi. A mota na tambayi Baba Ila me Usta ya ce.

"Ya ce ko jirgin ma, sai mai numfashi suke ɗauka."

Ba babban gidan likita ya kai mu ba. Wani ɗan wuri ne a saman bene da ke duba baƙi, ba a tambayi takardar kowa ba. Lokotoron mace ce mai furfura, ta iya Faransanci fiye da mushen da ya koyar da ni a lakwal, malamin makarantarmu ta boko. Tambayarta ta farko ta ba ni mamaki.

"Yaushe ya fara?"

"Jiya, madam."

"Jiya da wane lokaci? Sa'ar nake so."

Na ce bayan sallar azahar. Ta duba agogo, ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Madalla." Ta maƙala wa Baba Ila wani abu a yatsa mai nuna lamba, ta daɗe tana sauraron bayansa. Sannan ta zura masa wani dogon tsinke mai auduga a hanci har hawaye suka zubo masa, ta jujjuya tsinken a ɗan ruwa, ta ɗiga a kan wani ɗan allo. Muka zauna muna kallonsa kamar masu jiran ganin wata. Layi ɗaya ya fito, can na biyu ya biyo.

"Girip ce," in ji ta. Ta ce mura ce mai tsanani, ba irin ta hanci ba, kuma ga mai shekarunsa da fuka tana iya sauka huhu ta yi kisa.

Na fito da sauran kafsona ja da rawaya na nuna mata, na ce ni ma na yi ciwon, wannan na sha, me ya sa bai yi aiki ba? Ta dube ni kamar tana auna ko da gaske nake son sani, sai ta jawo takarda ta fara zane. Ta ce ƙwayoyin cuta iri biyu ne. Akwai masu zaman kansu, suna ci suna haihuwa, su ne kafsona ke kashewa. Akwai kuma birus, wanda ya fi su ƙanƙanta nesa, ba ya iya komai shi kaɗai sai ya shiga cikin ƙwayar naman jikin mutum ya hayayyafa a ciki, 'ya'yan su fito su shiga na kusa. Kafsona ba ya ko ganinsa.

"To naki maganin yana kashe shi?"

"A'a. Hana 'ya'yan fita yake yi."

Sai na ce mata a garinmu in ƙwaro ya shiga rumbu ɗaya, akan liƙe bakinsa da laka don kada ya bi sauran. Amma in ya riga ya gama da rumbunan gidan duka, liƙewar ba ta da wani amfani. Ta ajiye biro ta ce in sake faɗa mata yadda rumbun yake, na zana mata shi a gefen zanenta. Ta ce shi ke nan na gane, shi ya sa take tambayar sa'a: maganin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko. Ta ce ni na makara, kuma jikina ya riga ya ci yaƙinsa, in je in huta in sha ruwa. Baba Ila kuwa yanzu za a fara. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kwana biyar, a sha duka ko ya ji sauƙi. In leɓensa ya canza launi, ko numfashin ya ƙaru, ko ya fara sambatu, mu kai shi babban gidan likita nan take, da takarda ko babu.

Baba Ila ya jawo rigata. "Tambaye ta, pikir fa?"

Na tambaya. Ta ce babu allura.

"Duk wanga hawan bene, ko pikir guda babu?" Har muka sauka yana mita. A wajenmu ciwon da ba a yi wa allura ba, ba a ɗauke shi da daraja ba.

Matar farmasi ta karɓi odonansin ta karanta, ta juya ta ɗauko ɗan kwali. Sunan maganin oseltamibir, na yi kwana biyu kafin harshena ya iya shi. Abokan ɗakinmu ne suka haɗa aka biya. Ta zana rana da jinjirin wata a bayan kwalin, ta ɗaga yatsu biyar. Ƙwaya goma ce cif a ciki.

Ta farko Baba Ila ya sha ta a tsaye a farmasin. Ta yamma kuwa da cikinsa wayam ya sha, bai daɗe ba ya fara kelaya amai. Na koma wurin matar farmasi da gudu kafin ta rufe, ta kwaikwayi cin abinci da hannu. Da na je dama kunu na tarar garin geron saura abin da bai kai cikin tafi ba. A kaina ya ƙarar da shi. Washegari matar Usta ta aiko da tukunyar miyar wani ɗan wake ja da burodi, haka ta yi ta aikowa har kwana biyar, ban taɓa ganin ta ba har na bar ƙasar.

Kwana na biyu babu wani canji, ina ta duba leɓensa har ya ce in daina kallonsa kamar mai sayen rago. A na uku zazzaɓin ya sauka, zarton ƙirjinsa ya koma ɗan fito. Ya zauna, ya nemi shayi. Safiya ta huɗu na ɗauko kwalin in ba shi, na tarar babu komai a ciki. Shida ya sha, na sani, don ni ke ba shi.

"Baba, ina sauran huɗun?"

Ya kau da kai. Sai da na matsa sannan ya ciro su daga cikin naɗin hularsa.

"Na warke, ɗana. Waɗannan Hajo zan aika wa. Kowace shekara in ɗari ya shigo tari take har ta kasa daka. Akwai mai tahiya Maraɗi jibi."

Hajo matarsa ce. Sau biyu kawai na taɓa jin ya ambaci sunanta. Na zauna na maimaita masa duk abin da lokotoro ta ce. Na ce tarin Inna Hajo ba mu san ko wane iri ne ba, sai an duba ta. Ko da girip ɗin ce, huɗu ba su isa ba, kuma wa zai tsaya ya ƙirga mata sa'a? Shi kuma in ya bari a nan, ƙirjinsa bai gama fita daga hatsari ba.

Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin a tafinsa. "To mi amfanin maganin da ba a iya aika wa gida?"

Sai na cire takalmina na zauna a bakin katifarsa.

"Ba ka zuwa aiki?"

"In ba ka sha ba, ba ni zuwa. Usta ya kore ni, a ce mutumin da Baba Ila ya kawo ne."

Ya zage ni, ya zagi dukawan Dakoro kaf, sannan ya ce in miƙo ruwa. Haka muka yi da sauran ukun, kowace sai na tsaya na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Tarin ya bi shi kusan mako uku, amma bai sauka huhu ba. Da muka koma, lokotoro ta saurari bayansa ta ce ya tsallake, ta ce kuma duk shekara kafin sanyi ya zo a yi masa allurar rigakafi. Na fassara masa. Ya ce, "Ashe dai tana da pikir ɗin, rowa ta yi."

Bai jira sanyi na gaba ba. Wata ranar Lahadi muna zaune a bakin teku muna kallon jiragen ruwa, ya ce mini zai tafi gida. Ya ce ranar da yake kwance yana jan numfashi ya yi ta ƙoƙarin tuna sunan maƙabartar garin nan, ya ga bai sani ba, bai kuma san wanda zai gaya wa Hajo inda aka sa shi ba. Jirgin da ya yi shekaru yana gudu, da ƙafarsa ya je ya nemi takardar hawansa. Na raka shi har bakin kar ɗin filin jirgi da kwali biyu da ya ɗaure da hannunsa. Bai yi dogon ban kwana ba. Ya ce in riƙa cin abinci kafin in sha kowane magani, ya hau.

Ni na ƙara shekara guda a wurin Usta kafin in dawo Dakoro. Amma kwana tara da tafiyar Baba Ila, ina kan keken ɗinki, saƙon murya ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Muryar tsohuwa ce, ana jin kukan awaki a bayanta. Ta gaishe ni, ta gaida aikina, ta gaida sanyi, ta gaida maigidana Bature da iyalinsa. Sannan ta ce:

"Tsahiru, ni ce Hajo. An ce kai ne ka hana a aiko mini magani. To, na yahe maka. Mai maganin ya iso da kansa, ga shi nan zaune ya hana ni daka, wai sai ya kai ni likita an sa mini tsinke a hanci."